Cire danƙon bishiya daga fentin mota

A kan tambayar yadda ake cire danƙon bishiya daga fentin mota, kusan duk waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun yarda cewa gaggawa ce magani, domin idan rana ta gasa danƙon, sai ya bushe ya ci fenti. A fara da ruwan ɗumi da sabulun wanke mota. In ya ƙi fita, a jiƙa tsumma mai laushi da sanitaiza mai sinadarin alkohol, a ɗora a wurin kamar minti 1, sannan a goge a hankali. Wasu sun ambaci kananzir. Yana aiki, amma ni na fi son a gwada shi a wani ɓoyayyen wuri a jikin motar tukuna. Reza da soson ƙarfe kuwa, kul! Bayan an ɗauraye, a shafa man goge mota, a kuma rage ajiye ta ƙarƙashin mangwaro.