Me ya sa wata nebula ta fi kabon, wata kuma oksijin?

Ɗalibin Falaki: Assalamu alaikum, malamai. Tambayata kan gajimaren gas ɗin nan ne da tauraro irin Rana ke furzarwa idan ya tsufa, wanda ake kira nebula mai kamar duniya. An ce wasu kabon ya fi yawa a cikinsu, wasu oksijin. Tunda duk tushensu ɗaya, ina bambancin ya shigo?

Malam Taurari: Wa alaikumus salam. Kabon ɗin a cikin tauraron ake ƙera shi. Idan zafin cibiya ya kai digiri miliyan 100, ƙwayoyin hiliyam biyu sukan haɗu su zama beriliyam-8, wanda ba ya ko daɗewa yake wargajewa, sai in ta uku ta riske shi nan take, su zama kabon-12. Fred Hoyle ne ya hango a 1953 cewa dole kabon ya kasance da wani matakin ƙarfi kusa da MeV 7.65 (MeV ma'aunin ƙarfin ƙwayoyi ne), in ba haka ba haɗin ba zai yi sauri ba, kuma aka auna aka same shi.

Amma ƙera shi daban, fito da shi sama daban. A ƙarshen rayuwar tauraro, ɓawon hiliyam da ke kewaye da cibiya yakan yi tartsatsi duk bayan shekara dubu 10 zuwa dubu 100. Bayan kowane tartsatsi, gas ɗin sama mai tafarfasa yakan nutsa ƙasa ya kwaso kabon, kamar yadda muciya ke ɗago ƙasan tukunya. A sama kuma kabon da oksijin sukan kama juna ɗaya-ɗaya su zama iskar CO, wato kabon monoksaid. Wanda ya yi saura shi ke mulki: in oksijin ne, ƙurar silikat, dangin yashi, in kabon ne, ƙura baƙa irin kunkunniya. A wata nebula mai suna Tc 1 har C60, wato dunƙulen ƙwayoyin kabon 60, aka gano a 2010 da Spitzer, na'urar hangen nesa da aka harba sararin samaniya.

Hajiya Kimiyya: Malam ya yi bayani, sai dai a ƙara batun nauyi, don nan ɗalibai ke tuntuɓe. Tauraro mai nauyi daidai da na Rana galibi ba ya kwaso kabon da zai rinjayi oksijin. Mai ninki 2 zuwa 3 na nauyin Rana shi ne gwani. Wanda ya haura kamar ninki 5 kuwa, gindin gas ɗinsa na sama ya yi zafin da zai ƙone kabon ɗin ya koma naitirojin, shi ya sa nebularsa ke cike da naitirojin.

Hujjar kwasowar ita ce sinadarin teknetiyam da Paul Merrill ya gani a jajayen taurari a 1952. Rabin teknetiyam-99 kan lalace cikin shekara kusan 211,000, ɗan lokaci kaɗan a rayuwar tauraro, ke nan wanda aka gani a sama sabon ƙira ne daga ciki.

Ɗalibin Falaki: Allah ya ƙara basira. To yaya ake auna yawansu?

Mai Hangen Nesa: Da layukan haske, ɗan'uwa, waɗanda kowane sinadari ke nunawa idan aka rarraba hasken nebula zuwa launuka, kuma a yi hattara. Koren layin nan na nanomita 500.7 (ma'aunin tsawon zangon haske), oksijin ne da ya rasa lantarori biyu. Ira Bowen ya tabbatar a 1927, bayan an daɗe ana zaton sabon sinadari ne. Ƙarfinsa ya dogara ƙwarai da zafin gas, don haka fara auna zafin ta hanyar kwatanta shi da raunanan layin 436.3. Ka kuskure zafin kaɗan, lissafin oksijin ya karkace. Kuma in ka yi amfani da layukan da ke fitowa lokacin da lantaro ke komawa jikin ƙwaya, sakamakon yakan ninka na hanyar farko sau 2 zuwa 3, a nebular Hf 2-2 ma kusan sau 70. Saboda haka kada ka ɗauki kabon da hanya ɗaya, oksijin da wata, ka kwatanta su; ɗauki duka biyun da layuka iri ɗaya.