Neman Shawara: An Gayyace Ni Kamun Kifi a Kan Ƙanƙarar Red Lake

Mai tambaya, daga Minneapolis:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Wannan ne hunturuna na biyu a jihar Minesota, kuma wani abokin aikina ɗan asalin jihar ya gayyace ni kamun kifi a kan ƙanƙara (ana huda rami a daskararren tafki a zura ƙugiya) a Red Lake na sama, ɗaya daga tafkuna biyu masu haɗe da juna, na sama da na ƙasa, kusa da ƙauyen Waskish, a makon farko na Disamba. Ya ce a lokacin ne kifin da suke kira wolai ya fi cin ƙugiya, kuma saboda tafkin ba shi da zurfi yakan riga sauran manyan tafkuna daskarewa, shi ya sa jama'a ke yin dafifi a can tun sanyi bai kankama ba.

Abu biyu ne suka hana ni sukuni. Na farko, da na tambaye shi yadda ake gane ƙanƙara za ta ɗauki mutum, sai ya ce muddin muka tarar da bukkoki da mutane a kai, babu abin tsoro. Na biyu, iyalina na da juna biyu, muna sa ran haihuwa a watan Janairu, ina kuma so in tara kifi a firiza domin walimar suna. Lissafinsa shi ne dokar jiha ta ba kowa wolai 6 a rana, mu uku ne, za mu yi kwana uku, ke nan kifi 54. Da na ba wani tsoho maƙwabcina labarin, sai ya ɓata fuska ya ce irin wannan lissafin ne ya taɓa kashe tafkin, bai kuma ƙara cewa komai ba. Don Allah waɗanda suka san harkar su haska mini.

Wani dattijo mazaunin Bemidji:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya sauki iyalinka lafiya. Zan yi magana a kan ƙanƙara kawai, domin ita na sani, kuma tafkin da kake nufi bai da nisa da inda nake zaune.

Maganar abokinka cewa ganin mutane a kai ya isa hujja, ka ajiye ta gefe. A ƙarshen Nuwamban 2022 ƙanƙarar wannan tafki ta tsage ta rabu da gaɓa da mutane kusan 200 a kanta, sai da aka shimfiɗa musu gada ta wucin gadi suka ƙetaro. Ranar 29 ga Disamban 2023 aka sake kwaso mutum 122 daga wani ɓangaren da ya ɓalle. Kowane ɗayansu ya tarar da wasu a kai kafin ya hau. Matsalar Red Lake a farkon hunturu ba ta tsaya ga kaurin ƙanƙara ba. Tafkin fili ne fetal mai faɗin gaske, tsakiyarsa kuma takan daɗe ba ta daskare ba, saboda haka idan iska mai ƙarfi ta taso daga gaɓar da kake, sai ta tura faifan ƙanƙarar gaba ɗaya zuwa inda ruwa yake buɗe. Ƙasanka na iya kai inci 8 lafiya lau, amma ka waiwaya ka ga baƙin ruwa ya shiga tsakaninka da motarka.

Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar, wadda ake kira DNR, ta fitar da ma'auni: ƙasa da inci 4 kada a hau sam, inci 4 na mai tafiya da ƙafa ne, 5 zuwa 7 na babur ɗin ƙanƙara, ƙaramar mota kuwa sai wajen inci 9 zuwa 10. Wannan ma'aunin na sabuwar ƙanƙara ce garau, wadda za ka leƙa ka ga duhun ruwa ta cikinta. Farar ƙanƙara, wadda ke samuwa idan dusar ƙanƙara ta jiƙe ta daskare, ƙarfinta kusan rabin na waccan ne, don haka sai ka ninka lissafin. Ana kuma so ka riƙa hudawa kana aunawa duk bayan ƙafa 150, domin kaurin ba ɗaya ba ne ko'ina.

Ni idan zan hau a farkon hunturu, ina riƙe da doguwar sandar ƙarfe mai kaifin baki, ina sara gabana kafin in ɗaga ƙafa. Ƙanƙara mai kyau takan ba da ƙara mai tauri har ka ji ta a hannunka. Idan sara ɗaya ya fito da ruwa, sai in juya ta kan sawuna. Ka shiga ta hanyar ɗaya daga cikin masaukan bakin tafki, ka biya kuɗin shiga, domin su ne ke auna hanya kullum da safe, su ne kuma ke sanin inda tsaga take. Kafin ka baro gida ka duba hasashen iska, ba na sanyi kaɗai ba.

Wani ɗalibin nazarin halittun ruwa:

Yaya, lissafin kifi 54 ya rushe tun daga tushe, ta fuska biyu. Da farko, wolai 6 doka ce ta gama-gari, amma Red Lake na da tasa dokar ta musamman wadda ake sabuntawa bisa ƙididdigar kifin da ke ciki. A hunturun baya-bayan nan adadin ya tsaya tsakanin 3 da 4, kuma guda ɗaya kacal aka yarda ya wuce inci 17. Ka duba sanarwar bana kafin ku tashi. Na biyu, kuma nan ne baƙi suka fi faɗawa, a Minesota adadin wolai da aka yarda ka kama a rana shi ne adadin da aka yarda ka mallaka gaba ɗaya, har da wanda ke kwance a firizarka ta gida. Ba a tara na jiya a kan na yau. Sai ka ci wanda kake da shi kafin ka sami damar ɗauko wani. Jami'an hukumar na zagayawa bukka bukka, kuma wanda aka kama ya zarce adadi yana fuskantar tara da biyan diyyar kifin, wani lokaci har da ƙwace kayan aiki da lasisi. Wanda ke zaune a ƙasar nan da takardar izini ya fi kowa buƙatar kauce wa irin wannan.

Maƙwabcinka kuwa tarihi yake tunawa. A shekarun 1990 wolai ya kusa ƙarewa a Red Lake saboda kamun da ya wuce kima, ta hanyar raga da ƙugiya, na halal da na ɓoye, daga ɓangarori biyu. Ƙabilar Ojibwe ta Red Lake, wadda ke da ikon tafkin ƙasa duka da fiye da rabin na sama, ta dakatar da kamun kasuwanci a 1997, jiha kuma ta haramta ɗaukar wolai a nata ɓangaren a 1999. An zuba 'ya'yan kifi a 1999 da 2001 da 2003, ba a sake buɗe kamun ba sai 2006. Mutumin da ya ga waɗannan shekaru bakwai da idonsa dole ya ɓata rai idan ya ji ana lissafin cika firiza. Ka kuma lura cewa akwai iyaka a cikin tafkin na sama, wadda wanda ba ɗan ƙabilar ba bai da izinin ƙetarewa.

Wani direban babbar mota daga St. Cloud:

Ina neman afuwa, amma ina ganin ana ɗora wa mai ƙugiya laifin da ba nasa ba ne shi kaɗai. Ni Mille Lacs nake zuwa, wani babban tafki a jihar. A watan Agustan 2015 aka rufe kamun wolai a tsakiyar bazara saboda an zarce kason kifin da aka ware wa jiha, daga baya aka yi shekaru sai dai ka kama ka saki, masu masauki da masu sayar da ƙananan kifin ƙugiya suka ji jiki. Alhali su kansu masanan sun ce babbar matsalar can ita ce ƙananan wolai ba sa kai wa girma, ruwan ya ƙara haske, ga baƙin halittu irin ƙwanson zebra, wani ɗan ƙaramin dabban ruwa mai ƙwanso, da suka shigo suka canza abincin tafkin. Wanda ya yanki lasisi ya tsaya kan adadin da doka ta ba shi bai ci haƙƙin kowa ba. Kada a sa ƙanenmu ya ji kamar ɓarawo don ya ɗauki kifi huɗu.

Ɗalibin ya sake cewa:

Gaskiyarka a kan Mille Lacs, Yaya, ba kamun kifi kaɗai ya jawo halin da ya shiga ba, kuma wanda ya ɗauki huɗunsa a Red Lake bai yi laifi ba, domin wannan tafki ana ƙididdige shi a kai a kai, ana ɗaga adadin ko a rage shi gwargwadon abin da aka gani. Inda nake jin tsoro shi ne ƙananan tafkuna, waɗanda ba mai sa musu ido irin haka, kuma can ne mutum zai nufa idan an ce masa wolai ba zai cika firiza ba.

Akwai kifin da ake kira bulugil, mai faɗin jiki kamar ƙaramar karfasa, da ɗan uwansa kirafi. Doka ta gama-gari ta ba da bulugil da danginsa 20, kirafi 10. A hunturu waɗannan kifaye kan taru wuri guda a cikin kwarin tafki, kuma da na'urorin hango kifi na zamani, waɗanda ke nuna maka garken yana motsi a allo, ba sa iya ɓuya. Mutum ɗaya ya sa hoton manyan kifi a Facebook da sunan tafkin, kafin ƙarshen mako wurin ya zama kasuwa, kowa ya ɗauki adadinsa na halal, kowa kuma manya yake zaɓa. Bulugil a wannan yanki na girma ne kusan inci ɗaya a shekara, don haka mai inci 8 ya yi shekara bakwai ko kusa da haka. Manyan mazan ne ke gadin sheƙar ƙwai, kuma kasancewarsu ce ke sa ƙananan maza su ci gaba da girma kafin su fara haihuwa. Idan aka kwashe manyan, ƙananan sai su balaga da wuri su tsaya a ƙanana, tafkin ya cika da kifi amma babu na kirki. Dalilin da ya sa ke nan tun 2021 hukumar ta rage adadin zuwa 5 ko 10 a tafkuna sama da ɗari.

Sakin kifi ma ba kullum yake ceto ba. Kirafin da aka jawo daga zurfin ƙafa 30 jakar iskar cikinsa takan kumbura, idanunsa su firfito. Na taɓa tura irinsa cikin rami, na ga ya kasa nutsewa, ya kwanta a gefe yana manne da ƙasan ƙanƙara. A irin wannan zurfin, wanda ka kama ka riƙe shi ka lissafa shi, idan ka cika adadi ka naɗe igiyarka.

Wata 'yar uwa ma'aikaciyar jinya daga Duluth:

Ƙanena, ga abin da ya shafi ɓangarena. Idan za ku kwana a bukka mai na'urar ɗumama ɗaki ta gas, kada ka rufe ido sai ka ga na'urar gargaɗin iskar kabon monoksaid tana aiki, ƙofofin shan iska kuma a buɗe. Iskar ba ta da wari, kuma ciwon kai da jiri da tashin zuciya su ne gargaɗinta. Ka sa rigar da ke hana nutsewa lokacin da kake tafiya da ƙafa, ka rataya tsinkunan ƙarfe biyu masu mariƙi a wuyanka, ba a cikin jaka ba. Idan Allah ya ƙaddara ka burma, minti na farko na daidaita numfashi ne, sannan kana da kimanin minti 10 kafin hannuwanka su daina yi maka biyayya. Ka juya ta inda ka fito, ka kafa tsinkunan, ka harba ƙafafu kamar mai iyo har ka zame sama, sannan ka mirgina maimakon ka miƙe tsaye.

Batun mai juna biyu kuma, wolai kifi ne mai cin kifi, kuma gwargwadon girmansa gwargwadon sinadarin makuri mai guba da ya tara. Ma'aikatar lafiya ta jihar na da jagora na musamman ga masu ciki da yara ƙanana, wanda ya taƙaita cin wolai ƙwarai fiye da bulugil da kirafi. Ku duba shi tare da likitarta kafin ka ɗora mata babban kifi don nuna bajinta.

Wani ɗan Kabi mazaunin Fargo:

Ni abin bai zame mini baƙo ba. A Argungu ma ba a barin kowa ya shiga Matan Fada da homa sai lokacin biki, shi ya sa giwan ruwa ke samun damar girma har a yi alfahari da shi. Sannan, Malam, ragon suna dai rago ne, kifi ƙari ne kawai. Abin da zan ƙara shi ne tun Yulin 2023 doka ta hana ajiye shara ko ƙazanta a kan ƙanƙara, tarar dala 100 ce, don haka ku tafi da bokiti mai murfi da leda. Igiyar ƙugiya biyu kacal aka yarda wa kowane mutum a kan ƙanƙara.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na nuna wa abokina dokar mallaka a littafin hukumar, ya yi shiru, daga baya ya ce shi ma tun yana yaro ya ɗauka ta rana ce kawai. Mun ɗage tafiyar zuwa bayan tsakiyar Disamba, mun rage ta zuwa kwana ɗaya, kuma za mu kira masaukin da safiyar ranar mu ji labarin iska da tsaga kafin mu kama hanya. Na sayi tsinkunan da rigar, sandar kuma zan ara wurin maƙwabcin nan nawa, wanda da na koma na ba shi labarin abin da kuka ce ya saki fuska har ya nuna mini yadda ake sara da ita a bakin garejinsa. Kifin walima zan saya a shagon 'yan Afirka, rago kuma na riga na yi magana da mahauci. Baba na Bemidji, idan ba damuwa, zan tuntuɓe ka ana gobe za mu taso, ka faɗa mini abin da idonka ya gani a gaɓar.