Wace kalma za mu sa wa "kurof" a hoton tsuntsun teku?

Mai Dogon Lensi:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Masu ɗaukar hoto sun saba cewa "yi masa kurof", wato a zubar da wani sashe na gefen hoto bayan an ɗauka. Hoton tsuntsun teku da ke shawagi da wuya ya tsira daga wannan aiki, domin tsuntsu ba ya jiran kowa. A tsakiyar firam, wato iyakar abin da kyamara ke gani, ake riƙe shi don kyamara ta kama shi tas, a bar masa fili ta ko'ina, sai an zauna gaban kwamfuta a zaɓa masa mazauni. "Yanke hoto" ba ta gamsar da ni ba. Wanda ya ji zai ɗauka an ciro tsuntsun ne an liƙa shi a wani wuri. Me za mu ce?

Malama Mai Lissafi:
Wa alaikumus salam Malam. Ni "rage gefe" nake gani, domin ragi ne na gaske, kuma yana da tsada. Fiksel su ne ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto, megafiksel ɗaya kuma fiksel miliyan ɗaya ne. Kyamara mai megafiksel 24 tana ba da fiksel 6000 a faɗi, 4000 a tsaye. In aka zubar da rabin faɗi da rabin tsayi, 3000 da 2000 suka rage, wato megafiksel 6. Kashi uku cikin huɗu sun tafi ke nan, ba rabi ba kamar yadda da yawa ke zato. In za a buga shi a takarda da fiksel 300 a kowane inci, ba zai wuce inci 10 a faɗi ba.

Ɗan Gaɓar Teku:
Malama, lissafinki daidai, amma kalmar tana da rami. "Rage hoto" tuni ta zama ta ƙanƙanta shi gaba ɗaya don ya yi sauƙin turawa, ba tare da an taɓa abin da ke ciki ba. Mai koyo zai cakuɗa su. Na so in ce "datse", sai na ga ita ma tana kai hankali ga tare hanya ko tare ruwa.

Mai Dogon Lensi:
To "aski" fa? Mai aski kewaye yake bi, ya bar kai.

Malama Mai Lissafi:
Tana da daɗi a baka, amma ta dace ne kawai da ɗan abin da ake shafcewa in ana miƙar da layin da sama ta haɗu da teku. Shi ma ba kyauta ba ne: karkatar digiri 2 kacal, in aka gyara ta, tana cin kusan fiksel 300 daga faɗin 6000. Shi ya sa ake fara miƙar da layin kafin a taɓa komai. Wanda ya matse tsuntsu tukuna sannan ya juya hoton, ƙarshen fiffike ne zai fita waje. Amma ba za a kira zubar da rabin hoto aski ba, wannan ya wuce gaban goshi.

Yaya Mai Hoto:
Ƙannena, kuna neman kalma ɗaya ga abubuwa biyu. Akwai yankan da aka yi da niyya, akwai na ɓarna. Na niyya mu ce "yankan gefe". Kalmar gefe ta kawar da ruɗanin da Malam ya ji tsoro. Na ɓarna kuwa "guntulewa".

Ga bambancin. Cikin tsuntsayen teku, babban albatros fiffikensa a buɗe yana haura mita 3, ganet kuwa kusan mita 1.8. In ya karkata zai juya, fiffike ɗaya ya yi sama ɗaya ya yi ƙasa, tsayin firam ba ya ɗaukarsa, sai gashin ƙarshe biyu ko uku su fita. Wannan guntulewa ce, ido yana zuwa kai tsaye wurin da aka rasa. Maganinta biyu: ko a ja da baya da zum, wato a rage kusantowar lensi, tun wurin ɗauka, tsuntsu ya cika kamar rabin faɗin firam, ko kuma in ta riga ta faru a shiga ciki sosai, a yanke fiffiken ta tsakiyarsa, a bar kai da ƙirji da kafaɗa su cika hoton. Kada yankan ya faɗa daidai kan gaɓar fiffiken, sai ya yi kama da karaya. Wannan na biyun sai mu ce "matsattsen yanka", kuma ba ya karɓuwa sai idon tsuntsun ya fito tas da ɗan ƙyallin haske a cikinsa. In idon ya yi dishi-dishi, matsewa tona asiri kawai take yi.

Ɗan Gaɓar Teku:
Yaya, na karɓa. Saura filin da ake bari a gaban bakin tsuntsu. Ni "filin gaba" nake kiransa. In ya nufi hagu, a zaunar da shi a kashi ɗaya cikin uku na dama, fili biyu a gabansa ɗaya a bayansa. In aka juya abin, sai ka ga kamar zai yi karo da bango. Gaba kuma ba kullum hagu ko dama ba ne. Ganet yana faɗowa ruwa daga tsayin da ya kai mita 30, kai a ƙasa, fiffike a naɗe. Nasa filin gaba a ƙasa yake, don haka firam na tsaye ya fi masa, a bar fuskar ruwa ta bayyana a gindi.

Malama Mai Lissafi:
A yi hattara da mayar da na kwance na tsaye. Daga ma'aunin faɗi da tsayi na 3:2 zuwa 4:5 na Instagram, fiksel 3200 ke saura daga 6000. Tsuntsu mai buɗaɗɗen fiffike ba zai shiga ba sai da guntulewa, filin gaba ma ya salwanta.

Mai Dogon Lensi:
Shi ke nan, yankan gefe ta zauna, da guntulewa da filin gaba. Shi kuma "kwamfozishin", wato yadda ake jera abubuwa a cikin hoto, fa, Yaya?

Yaya Mai Hoto:
Masu nazarin adabi sun riga sun yi mana aikin: zubi da tsari. A hoto "zubi" kaɗai ta wadatar. Tsuntsaye biyu da fiffikensu ya hau kan juna, ko layin teku da ya ratsa ta wuyan tsuntsu, matsalar zubi ce, yankan gefe ba ya gyara ta. Sai dai a sunkuya ko a hau tudu, layin ya koma ƙasa da tsuntsun ko samansa, a sake ɗauka.