Zan tafi Jamus aikin sa kai da yara, me zan kiyaye?

Rifkatu: Salama, 'yan'uwa. Biza ta fito, godiya ga Ubangiji. Watan Satumba zan tafi Jamus aikin sa kai na shekara ɗaya a ƙarƙashin shirin weltwärts na gwamnatin Jamus, a makarantar renon yara ta wata ikilisiya kusa da Stuttgart. Na daɗe ina koyarwa a makarantar Lahadi a Kafanchan, amma ko Legas ban taɓa wucewa ba. Waɗanda suka riga ni, ku taimaka.

Mama Saratu: Barka 'yata, Allah ya kai ki lafiya. Kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa da yaji. Daddawar ki ninka mata leda sosai, in ba haka ba har zannuwanki sai sun ɗauka. Ki sa Littafi Mai Tsarki na Hausa da Littafin Waƙoƙi a jakar hannu.

Ishaku: Mama ta yi daidai, amma ban da kilishi da dambun nama. An hana shiga Turai da nama ko madara a kayan matafiyi, ƙwacewa za a yi a filin jirgi. Idan kin sauka, ƙanwata, ki yi rajistar adireshinki a ofishin gari cikin mako 2, da takardar da mai gidan zai sa wa hannu. Sai da rajistar ake samun sauƙin buɗe asusun banki. Ki nemo katin rigakafinki tun yanzu, domin tun 2020 sai an ga shaidar rigakafin ƙyanda kafin a bar mutum ya yi aiki a wurin renon yara. Za su kuma nemi takardar shaidar cewa ba ki da laifi.

Hannatu: Takardu masu sauƙi ne, Rifkatu, hannunki da bakinki za ki kiyaye. Tun shekarar 2000 doka ta hana dukan yaro a Jamus, ko iyayensa ne. Kuma ba bulala kaɗai ba. Jan kunne, ranƙwashi, sa yaro ya durƙusa, daka masa tsawa, duk ki bar su a Kafanchan. Ɗan shekara uku zai dubi tsakiyar idonki ya ce ba zai ci ba, ya kira ki da sunanki gatsau, babu Anti babu Malama. Ranki zai sosu. Ki lura da yadda malaman suke yi: sukan tsuguna daidai tsayin yaron, su faɗa masa abu sau ɗaya a hankali, su jira. Wata rana na ga wata malama ta zauna a ƙasa tana jiran yarinya ta gama kokawa da igiyar takalmi, ni kuwa hannuna har ƙaiƙayi yake in ɗaure mata mu wuce. Haka suke so, yaro ya yi da kansa. Kuma kada ki kuskura ki ɗauki hoton ɗan kowa ki ɗora a Facebook don 'yan gida su gani.

Mama Saratu: Ikon Allah! To da me suke tarbiyya? Ai Karin Magana ta cikin Littafi Mai Tsarki ma ta yi zancen sanda.

Hannatu: Mama, a can sandar nan sai ta haɗa mutum da hukumar kare yara, aikin kuma ya ƙare ranar.

Baba Bitrus: Ina da ƙari, 'yata. Ko da makarantar ta ikilisiya ce, za ki tarar da 'ya'yan Turkawa da na Siriya, da waɗanda iyayensu ba sa zuwa ko'ina. Kada ki buɗe wa'azi da kanki. Akwai lokacin da suka tsara na addu'a da waƙa, kamar 11 ga Nuwamba, ranar Martin mai tsarki, da yara ke zagaya gari da fitilun takarda da yamma. Ki bi tsarinsu, halinki ya yi shaidar. Ke da kika tashi da maƙwabta Musulmi kin san zancen naman alade, to har alewa mai danƙo ki duba, yawancinta da sinadarin alade ake yi. Ranar Lahadi kuwa ki nemi cocin 'yan Afirka a Stuttgart. Sujadar Jamusawa awa ɗaya ce, babu ganga, rabin kujerun ba kowa.

Hannatu: Baba, a yi mini haƙuri, nan ban yarda ba. In ta riƙa gudu Stuttgart kowace Lahadi, shekarar za ta ƙare ba ta san kowa a garinta ba. Ta shiga ƙungiyar mawaƙan cocin unguwa. Tsofaffin matan nan ba su da saurin sakin fuska, amma in sun saba da ke, su ne za su kira ki shan kofi, kuma a bakinsu Jamusancinki zai nuna.

Baba Bitrus: To, a raba. Uku a unguwa, ɗaya wurin ganga.

Ishaku: Zuwa Stuttgart ba wuya in kina da Deutschlandticket. Tikitin wata ne na bas da ƙananan jiragen ƙasa a duk ƙasar, ban da masu gudun nan na nesa. Da Yuro 49 ya fara a 2023, ya ɗan hau tun daga nan. Rigar sanyi kada ki saya a gida, ki bari ki je shagon gwanjo a can, har da takalmin ruwa, don kullum sai an fitar da yara waje ko ana yayyafi. A Disamba ƙarfe huɗu da rabi duhu ya fara, lokacin ne kewar gida ke kama mutum, kada ki kulle kanki a ɗaki. Shaguna a rufe suke ranar Lahadi, ki yi cefane tun Asabar. Garin alkamar da suke kira Grieß yana tuwo kamar samo, kuɓewa ɗanya kuma tana shagunan Turkawa. Sannan ki gaya wa 'yan gida tun yanzu cewa kuɗin aljihu ake ba ki, ba albashi ba, kafin a fara turo miki lissafin kuɗin makaranta.

Rifkatu: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yaya Ishaku, kamar ka san kawuna, har ya fara zancen babur. Anti Hannatu, kitso fa?

Hannatu: Da tsada sosai. Ki yi ƙanana masu daɗewa kafin ki taso, ki taho da man kaɗanya da matajinki. In ya tsufa ki yi mini magana, akwai wata 'yar Gana a cocin da Baba yake faɗa, hannunta da kyau.