Wa ya san mai duba tukunyar kashe gobara ta jirgin ruwa a Kano?

Abban Sadik:
Assalamu alaikum jama'a. Ni da ƙanena mun haɗa kuɗi mun sayo jirgin ruwa na fayiba daga Legas, mai cin mutum 12, da injin Yamaha mai ƙarfin doki 40. Niyyarmu mu sa shi a dam ɗin Tiga kafin babbar sallah saboda masu zuwa shaƙatawa. Ya zo da tukwanen kashe gobara biyu. Ɗaya ta hoda ce, kilo 6, allurar agogonta mai nuna ƙarfin iskar ciki na bakin kore, saura ƙiris ta faɗa ja. Ɗayar mai baƙin ƙaho ce, ba ta da agogo, sitikar jikinta kuma ta goge. Ba inda ake sayarwa nake tambaya ba. Mutum nake nema wanda ya san aikin, ya duba su, ya duba tankin mai da tiyo da inda za a ɗaura su, ya ba mu takarda. Jirgin yana can Tiga, tukwanen suna gidana a Hotoro. Wanda ya taɓa ba wani irin wannan aiki ya ji daɗinsa, ya taimaka.

Ɗan Fagge:
Wa'alaikumus salam. Shiga Sabon Gari, layin masu kayan wuta, sabuwa dal za ka samu.

Na Goggo:
Alhaji, kana tsakiyar ruwa kana neman abin kashe wuta? Bokiti nawa yake a Kurmi? 😂

Injiniya BK:
Na Goggo, in wasa kake to. In da gaske ne kada ka ƙara faɗa, wani zai ɗauka. Fetur ya fi ruwa rashin nauyi, in ka watsa masa ruwa hawa kai yake yi ya bi ƙasan jirgin da wutarsa. Tururinsa kuma ya fi iska nauyi, kwanciya yake a gindin jirgi yana jiran tartsatsin batir ko guntun taba. Fayiba kuwa in ta kama ci take, hayaƙinta baƙi ƙirin.
Abban Sadik, mai baƙin ƙahon nan ta iskar CO2 ce. Dama ba a yi mata agogo, a sikeli ake ɗora ta a gwada da nauyin da aka buga a wuyanta. A buɗaɗɗen jirgi amfaninta kaɗan ne, iska na kwashe ta. Ta hodar ce abin dogaronka, ita kuma girgizar inji da danshi na sa hodar ta dunƙule a ƙasa, allura tana kore amma ka matsa iska kawai ta fito. Kifa ta ka kara kunnenka, in ba ka ji hodar na zubowa ba akwai magana.

Hajiya Mai Labule:
Ɗana, kada ka ba kowa cikon tukunyarka. Kowa. Ni na ga abin da ido.
Shagon ɗinkin labule gare ni, kekuna huɗu da yara shida. Bayan gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 duk muka tsorata, na sayi tukwane biyu manya. Sai ga wani mutum yana zagaya layinmu da jaka da katin shaida a wuya, wai kamfaninsu ke kula da su. Duk shekara ya zo ya ɗauka, ya dawo da su a goge, sabuwar sitika, ranar ciko da ranar da za a sake, har da sa hannu. Ban taɓa riƙe masa ko sisi ba. Ruwan sanyi nake sa a ba shi.
Ranar da abin ya faru, yaro na zuba wa janareta mai bai jira ya huce ba. Wuta ta tashi, ƙarama ce wallahi, tabarmar salla ta fi ta faɗi. Babban yarona ya zare fil ya matsa. Fuuu, iska. Ya ɗauko ta biyu, ta yi tari sau ɗaya ta fitar da wani abu fari ta tsaya. Kafin 'yan kwana-kwana su iso, yadin mutane na aure uku ya tafi, da kekuna biyu. Yaron har yau hannunsa na dama bai miƙewa sosai.
Da aka yanka tukunyar daga baya, abin da ke ciki ya daskare, wani ya ce ma ba hodar kashe wuta ba ce. Na kira lambar da ke kan sitika, a kashe. Adireshin da aka rubuta, shagon mai cajin waya ne. Kayan mutane sai da na sayar da filina na biya. Takardar da kake nema, ni ma ina da ita, tana nan a jakata.

Ummu Hanifa:
Innalillahi. Allah ya mayar miki da alheri Hajiya, ya ba yaron lafiya.

Ɗan Fagge:
Amin. Hajiya ko wani dogo ne mai mashin ja? Ya taɓa zuwa layinmu.

Hajiya Mai Labule:
Ba na kama suna, na bar shi da Allah. Amma ba shi kaɗai ba ne.

Baban Walid:
Shi ya sa ni a gabana ake yi. Wajen da nake kai na gidan burodinmu a Sharaɗa sai sun fesar da tsohuwar hodar ina kallo, su zuba sabuwa, su ɗura iska, su sa hatimi. Dubu 7 kilo 6.

Mai Shayi Ba Suga:
Dubu 7? Yaushe rabonka da zuwa? Ni dubu 15 na biya watan jiya.

Ɗan Fagge:
An yanke ka. Da dubu 15 ka ƙara kaɗan ka ɗauki sabuwa.

Baban Walid:
Sabuwar wannan kuɗin ita ce irin ta Hajiya. Tsohuwa ce aka yi wa fenti.

Abban Sadik:
Na gode ƙwarai, Hajiya Allah ya kiyaye gaba. Baban Walid, mutanen naka za su yarda su je Tiga su ga jirgin? Don ba tukwanen kaɗai ba ne.

Jikan Sarkin Ruwa:
Ku yi haƙuri, duk masu maganar nan ba wanda ya taɓa kwana a kan ruwa. Mu a Yawuri muka tashi, jirgin katako mai ɗaukar buhu ɗari. Ba mu san wata tukunya ba. Bargo jiƙaƙƙe da bokitin yashi, sai kuma a hana shan taba kusa da jarka. Ka nemi tsohon matuƙi a bakin dam ɗin ya duba maka, ya fi maka mai katin wuya.

Injiniya BK:
Ranka ya daɗe, bargo da yashi suna aiki, ban musa ba. Amma ni ma shekaruna na yi a jiragen kamfanin mai a Fatakwal, kuma can ba a tayar da inji sai an ga tukunya da ranar dubata. Tsohon matuƙi zai gane tiyon da ya tsage, ba zai gane tukunyar da tsatsa ta ci gindinta ba.

Jikan Sarkin Ruwa:
Jirgin kamfani daban, ruwan talaka daban. Injiniyan intanet.

Na Goggo:
An fara. Ku jira in ɗauko gyaɗa.

Malam Habu Bichi:
Ku bar faɗan. Abban Sadik, fara da ofishin hukumar kashe gobara ta jiha, su suke duba shaguna da gidajen mai, za su iya nuna maka masu ciko da suka sani. Maganar rajistar jirgi kuma ta NIWA ce, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, hedkwatarsu na Lakwaja. Shi kansa dam ɗin yana hannun hukumar kogunan Haɗejiya da Jama'are, kada ka sa jirgi ba ka gaishe su ba.
Amma ni abin da ya dame ni, tunda aka fara ba wanda ya ce uffan kan rigar ruwa. A Kano wuta ba ta ci mana mutane a jirgi ba, nutsewa ce. Ranar 30 ga Nuwamba 2021 jirgi ya kife a dam ɗin Watari, daga Badau za a tsallaka Bagwai, akasarinsu ɗaliban Islamiyya masu tafiya Maulidi. An yi masa lodi fiye da ƙima. Mutum 12 ka ce, to riga 12 da ta matuƙi, da ƙanana na yara, tunda sallah ce.

Ummu Hanifa:
Allah ya jiƙansu. Ranar sallah kuma wa zai tsaya a 12? Kowa da 'ya'yansa a hannu yana roƙo.

Abban Sadik:
Riguna takwas suka zo da jirgin, za mu cika. Har yanzu dai sunan mutum ɗaya nake jira.

Direban Zariya:
Ku kuna ta ruwa, mu a titi fa? Tukunyar motata sabuwa ce, allura tsakiyar kore. Aka tsare ni a hanya, jami'in ya jujjuya ta ya ce ta yi ƙanƙanta da motar. Na sayi babba. Wani ya sake tsare ni ya ce ba sitikar dubawa. Ko fil ɗin bai kalla ba. Abokin aikina kuwa fankon tukunya yake yawo da ita tun bara, an manna mata sitika, ba wanda ya taɓa ce masa kanzil.

Mai Shayi Ba Suga:
Sitikar ma a bakin tasha ake sayar da ita, ɗari biyar.

Ɗan Fagge:
Ɗari uku.

Hajiya Mai Labule:
To kun ji. Irinta ce a jikin nawa.

Direban Zariya:
Kuma in ka yi gardama sai a koma kan tayar safaya, daga nan a koma kan gilashi. Jiya fasinjana wata tsohuwa ce za ta asibiti, sai da muka yi kusan awa a gefen titi. Akwai wanda ya san takamaiman kilo nawa doka ta ce wa ƙaramar bas? Don kowane shinge da nasa lissafin.