Wai ta ina kociyoyin ƙwallon mata na jami'o'in Amurka suke farowa?

Malama_PHE:
Salam jama'a, dan Allah masu bin harkar ƙwallo ina da tambaya. Ni malamar PHE ce a wata sakandaren 'yan mata a nan Kano, ni nake horar da yaran in wasannin makaranta sun zo. Abin da ya ɗaure min kai shi ne baturen nan Randy Waldrum da ya riƙe Super Falcons, ashe duk tsawon lokacin nan shi ne kocin 'yan matan jami'ar Pittsburgh, wai ƙasa guda ta yarda ita da makaranta su haɗa koci ɗaya? Wane irin aiki ne haka, ta ina ake bi a kai can, kuma mace daga nan mai digiri tana da ƙofa ko dai in haƙura?

Ɗan Fagge:
Wa alaikissalam Malama. Kar ki ɗauka irin NUGA ɗinmu ce (wasannin jami'o'in Najeriya) da sai gasa ta matso a tattaro ɗalibai. Can aiki ne na dindindin da albashi da ofis da mataimaka, a ƙarƙashin hukumar wasannin jami'o'insu NCAA mai rukuni uku, ana fara kaka a Agusta a kammala a Disamba, sauran watannin kuma koci yana yawon farautar yara a kulob-kulob da sakandare yana lallashin iyaye, wanda wlh shi ne rabin aikin, dan wanda bai iya zawarcin 'yan wasa ba komai iliminsa ba ya daɗewa.

Shi Waldrum ɗin a sakandare ya fara a jihar Texas, ya koma jami'ar Tulsa, sai Baylor, sai Notre Dame inda ya ci kofin ƙasa a 2004 da 2010, ya leƙa ƙwararru a Houston Dash sannan ya dawo jami'a. Kinga kafin NFF ta ɗauke shi a 2020 ya fi shekara talatin yana abu ɗaya. Kuma da shi muka doke Ostireliya 3-2 a gidansu a gasar kofin duniya ta 2023, Ingila ma sai a fenariti ta fitar da mu. Babban su duka dai Anson Dorrance ne, shi ya kama ƙungiyar matan jami'ar North Carolina tun 1979 bai bari ba sai 2024, kofin NCAA 21, kuma yana wannan aikin ya ci wa Amurka kofin duniya na farko a 1991.

Anti Bilki:
Ɗan Fagge ka lissafo maza zalla alhalin mace ce ta yi tambaya 😂 Ƙanwata ga abin da bai faɗa miki ba. A 1972 Amurka ta yi dokar da ake kira Title IX, wadda ta hana makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin maza da mata, har a wasanni. Lokacin sama da kashi 90 na ƙungiyoyin mata a jami'o'i mata ne ke horar da su. Da kuɗi ya shigo aikin ya yi maiƙo sai maza suka danno, yanzu matan ba su kai rabi ba. Wannan abin yana min ciwo gaskiya.

Matan da suka kai sama kusan duk hanyarsu ɗaya ce, ki buga wa jami'a, ki zama mataimakiya shekaru kina jera kwan (cones ɗin nan na atisaye) kina tuƙa yara kina kallon bidiyon abokan karawa cikin dare, sannan wata ƙaramar makaranta ta gwada ki. Jill Ellis ta yi mataimakiya a jami'o'i uku kafin Illinois ta ba ta ƙungiya, ta koma jami'ar UCLA a 1999, daga baya ta ci wa Amurka kofin duniya a 2015 da 2019. Margueritte Aozasa ta daɗe tana mataimakiya a Stanford, shekararta ta farko a UCLA a 2022 ta ɗauki kofi. Becky Burleigh kuwa a ƙaramar kwalejin Berry ta fara tana 'yar shekara 21, ita ce mace ta farko da ta ci kofin babban rukunin NCAA, da jami'ar Florida a 1998.

Kawu Sabongari:
Ku dai kuna ta zuga yarinyar nan. 'Yata, duk waɗanda aka ambata a cikin tsarin suka tashi, kocin da ya horar da su shi yake buga waya ya sama musu aiki. Ke wa zai buga miki? Ga maganar biza. Ni shawarata ki nemi kwas ɗin NIS (cibiyar koyar da wasanni ta ƙasa) a Legas ko lasisin CAF ki fara daga ƙasa. Justin Madugu ɗan Adamawa ne, a gida ya taso, ya yi wa Waldrum mataimaki, kuma shi ya ciwo wa Super Falcons kofinsu na Afirka na 10 a Maroko a 2025. Sannan ki fara tunanin yadda za ki shawo kan iyayen Kano su bar 'ya'yansu su buga, ko da dogon wando da hijabi ne a fili mai katanga, wannan kaɗai aiki ne ja.

Malama_PHE:
Kawu Allah ya ƙara girma, maganarka dutse. Iyayen kam ina fama, yarinyar da ta fi kowa iya buga gaba babanta ya cire ta. Amma Anti kenan wadda ba ta buga a can ba shikenan?

Anti Bilki:
Ba shikenan ba, ƙofar ce ƙarama. Ta karatu ake shiga, ki nemi gurbin mastas a fannin wasanni, akwai makarantun da ke ɗaukar ɗalibin mastas ya taimaka wa koci su kuma su rage masa kuɗin makaranta ko su biya. Kar ki kalli manyan, ki duba rukuni na biyu da na uku na NCAA da kuma NAIA (hukumar wasannin ƙananan kwalejoji), ki rubuta wa kocin kai tsaye. Kawu ma da gaskiyarsa, lasisin CAF da bidiyon atisayen yaranki su za ki nuna, dan haka ki fara ɗauka tun wannan zangon, amma ki nemi izinin shugabar makaranta da iyaye tukuna.