Neman kalma: idan ƙaramin ma'aikaci ne ke koya wa babba

Mai_fassara: Salamu alaikum. Gobe da safe zan miƙa fassarar takardar horas da ma'aikatan sashen talla, amma "reverse mentoring" ta tsaya mini a wuya. Ana haɗa babban manaja da ƙaramin ma'aikaci, ƙaramin ya riƙa zama da shi yana nuna masa yadda ake tallata kaya a TikTok da Instagram: yadda bidiyo ke riƙe mai kallo tun daga sakannin farko, yadda ake karanta alƙaluman da manhaja ke bayarwa, da yadda ake amsa ƙorafin mai saye a gaban kowa. Kan babi ce, gajeriya nake so.

Uwar_Biyu: Wa alaikumus salam. "Koyo daga na baya."

Ɗan_Alƙalami: Rainon baibai. Kalma biyu, an gama.

Uwar_Biyu: Haba Malam. Wanda ya sa riga baibai gyara masa ake yi. Ka sa wa tsarin sunan kuskure tun kafin a fara shi. Kuma idan aka ce yaro yana rainon babba, jinya ce za ta fara zuwa ran mai karatu.

Ɗan_Alƙalami: Ai juyin shi ne ma'anar, Malama. Wanda aka saba danganta tsarin da shi, Jack Welch na kamfanin General Electric a Amurka, a 1999 ya sa manyan jami'ansa kusan 500 kowa ya nemi matashin da zai koya masa intanet. Da gangan ya kifar da tsanin. Taki ba ta nuna an kifar da komai ba.

Mai_lura: "Musayar ƙwarewa" fa? Shi ma babban yana koya wa ƙaramin yadda ake tsara kasafin talla da yadda ake shawo kan abokin ciniki.

Mai_fassara: Akwai wani babin daban a kan musaya, za su ci karo. "Horo" ma na gwada, sai ya fito kamar yaron zai hukunta shugabansa.

Tsohon_Edita: Ni tun daga tushe ban yarda da abin ba. Nuna wa mutum inda zai latsa a waya ba jagoranci ba ne. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Rubuta "taimakon matasa" ka huta.

Mai_lura: Ranka ya daɗe, da latsawa ce kawai da ba a ware mata babi ba. Manajan da ya saba da tallar rediyo yana so a fara da sunan kamfani da gaisuwa, ƙaramin kuma ya san kafin a gama gaisuwar an zarce bidiyon. A soshiyal midiya wannan sanin shi ne aikin.

Tsohon_Edita: Ga irinta nan. Muna da "kafofin sada zumunta", kai kana ce mini soshiyal midiya, sannan ku ne za ku koya mana?

Mai_lura: Baba, rediyon da kuka yi wa aiki, kalmar Hausa ce?

Tsohon_Edita: Rediyo ta zauna ta ci gida. Taku ko takalmi ba ta cire ba.

Ɗan_Alƙalami: Duk wannan da an karɓi rainon baibai da ba a kai nan ba. Kowace sabuwar kalma da baƙunta take farawa. Ku ba ta wata shida.

Uwar_Biyu: Manajojin ne za su karanta takardar. Wane darakta ne zai sa hannu cewa ana rainonsa, baibai kuma?

Mai_fassara: Dare ya yi, jama'a. Zan sa "Koyo daga na baya" a kan babin, a layin farko in fayyace: tsarin da ƙananan ma'aikata ke koya wa manyansu dabarun talla a kafofin sada zumunta. Baba, na ɗauki taka a nan. Saura sunan shi mai koyarwar, don "malami" ya yi masa nauyi.

Tsohon_Edita: To, "na baya" dai ta san girma. Amma kada ka kuskura ka kira shi jagora.

Ɗan_Alƙalami: Mai rainon baibai.

Uwar_Biyu: Malam, don Allah.

Mai_fassara: Na sa "abokin koyo" da fensir. Wanda ya samo wadda ta fi ta kafin ƙarfe takwas ya turo.